Gani Ya Kori Ji? Muhawara Kan Doguwar Tafiya Don Kallon Wasan Besbol

Duk shekara akwai wasu 'yan kwanaki da layin motoci kan yi tsawo fiye da kima a yammacin iyakar Kanada da Amurka. Kwanakin da ƙungiyar besbol ta Blue Jays ke zuwa wasa birnin Seattle ke nan. Mutanen Vancouver da garuruwan da ke kewaye da ita sukan kwaso 'ya'ya da iyaye, kowa da shuɗiyar rigarsa, su tsallaka iyaka. Dalilinsu a fili yake. Tun da ƙungiyar Expos ta bar Montreal bayan kakar 2004, Blue Jays ce kaɗai ta rage wa Kanada a babbar gasar besbol, gidanta kuwa Toronto ne, sama da kilomita 3,000 daga Vancouver. Seattle kuma ba ta wuce kilomita 230 ba. Saboda haka a waɗannan kwanaki filin ƙungiyar Mariners kan cika da baƙi, har ihunsu ya danne na masu gida.

Wasu nisan nasu ya fi haka. Tun da Shohei Ohtani ya bar Japan ya koma wasa a Kalifoniya a 2018, 'yan ƙasarsa ke hawa jirgi na awa goma ko fiye don su gan shi a wasan da a yanzu bai cika kai awa uku ba. Wasan nan kuwa ana nuna shi kai tsaye a talabijin, mutum yana zaune a ɗakinsa a Tokiyo yana karin kumallo. To, mene ne ke fitar da mutum daga gida, ya ɗauki hutun aiki, ya biya jirgi da masauki da tikiti, don abin da zai iya gani a tafin hannunsa? Wasu sun ce ƙauna ce ta cika ta tumbatsa, wasu sun ce almubazzaranci ne aka yi wa kwalliya. Kowane ɓangare na da hujjojin da suka cancanci a saurara.

Kafin nan, ga wasan a taƙaice. Ƙungiyoyi biyu ne, kowace da 'yan wasa tara a fili. Mai jifa na tsayawa mita 18 da ɗoriya daga mai duka, ya wurgo masa ƙwallo, shi kuma ya yi ƙoƙarin maka ta da sanda, ya zagaya tashoshi huɗu ya dawo inda ya fara, a rubuta wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Zango tara ake yi. Babbar gasar, wadda ake kira MLB, na da ƙungiyoyi 30, kowace na buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, 81 a gida, 81 a waje, kafin a shiga wasannin neman kofi da ke ƙarewa da World Series. A riƙe wannan adadi na 162, domin ɓangarorin biyu duk suna kafa hujja da shi.

Hujjojin masu cewa a je

Hujjarsu ta farko ita ce ido. Kyamara ƙwallo take bi, sai ta matse wasan ya koma tsakanin mutum biyu, mai jifa da mai duka. Wanda ke zaune a fili kuwa duka taran yake gani lokaci guda. Yana ganin mai tsaron bayan fili ya ja baya taku biyar tun kafin a yi jifa, saboda ya san halin wanda zai yi dukan. Yana ganin mai gudu na raɓewa daga tasharsa yana neman satar ta gaba. Yana jin ƙarar sanda idan ta sami ƙwallo a tsakiya, ƙarar da tsofaffin 'yan kallo ke gane ƙwallo ta tafi tun kafin su ɗaga kai. Jifan da ya kai gudun kilomita 160 a awa yana isa wurin mai duka cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. A talabijin lamba ce kawai ke fitowa a gefen allo. Sai mutum ya zauna kusa ya ga yadda ƙwallon ke ɓacewa ta bayyana a hannun mai cafka, sannan ya san girman aikin wanda ke iya dukanta.

Sannan a besbol filin kansa ɗan wasa ne. Tazarar da ke tsakanin tashoshi ɗaya ce a ko'ina, amma katangar bayan fili kowane gari da tasa siffar. A Fenway Park na Boston, wanda aka buɗe a 1912, akwai koriyar katanga mai tsawon mita 11 a ɓangaren hagu, wadda ke maida dukan da zai fita waje a wani filin ya dawo cikin wasa, kuma har yau da hannu ake sauya lambobin allon makin da ke jikinta. A Wrigley Field na Shikago, wanda aka gina a 1914, ganye mai yaɗo ne ya lulluɓe katangar bulo tun 1937, wani lokaci ƙwallo kan shige cikinsa ta ɓace. Iskar da ke tasowa daga tafkin Michigan kan sauya wasan gaba ɗaya, yau ta taimaki masu duka, gobe ta taimaki masu jifa. Filin bai sami fitilun wasan dare ba sai 1988. Masu son tafiya suka ce wanda bai taɓa shiga irin waɗannan wurare ba, hangen Dala ya yi, bai shiga birni ba.

Hujja ta biyu ita ce taron jama'a. A 2020, lokacin annobar korona, an rage kakar zuwa wasa 60, aka buga ba ɗan kallo ko ɗaya a wasannin kaka. Ƙungiyoyi suka jera hotunan magoya baya da aka manna a kwali bisa kujeru, suka riƙa sakin ihun da aka naɗa ta lasifika. 'Yan wasan su ne dai, dokokin ma kusan su ne, amma duk wanda ya kalla ya san wani abu ya fita daga wasan. Da 'yan kallo ado ne kawai, da ba wanda zai wahalar da kansa wajen ƙirƙiro na jabu. Tun kafin annobar an taɓa ganin haka a Baltimore ranar 29 ga Afrilu, 2015, lokacin da aka rufe fili saboda tarzomar da ta biyo bayan mutuwar Freddie Gray bayan 'yan sanda sun kama shi. Mutane suka taru a bakin ƙofa suna leƙe ta tsakanin ƙarafa suna yi wa ƙungiyarsu ta Orioles kirari. Ashe mai zuwa fili yana ba da nasa kason, har wanda ke gida yana cin moriyar ihunsa.

Hujja ta uku ta fi nauyi, domin ta taɓa tarihi. Ranar 15 ga Afrilu, 1947, Jackie Robinson ya fito wa Dodgers ta Brooklyn, ya zama baƙar fata na farko da ya buga babbar gasar a ƙarni na 20, bayan shekaru masu yawa ana hana su shiga. A kakar nan baƙaƙen Amurka sun riƙa hawa jiragen ƙasa da motoci daga jihohin kudu zuwa Cincinnati da St. Louis, sanye da kayan da suke zuwa coci da su, don su gan shi da idonsu. Ranar 18 ga Mayu da ya fara zuwa Wrigley Field, mutum 46,572 ne suka sayi tikiti. Akwai rediyo a lokacin, akwai jaridu. Amma mutanen da aka saba gaya wa cewa ba su isa ba suna so su shaida da kansu, su kuma bar shi ya ɗaga kai ya gan su a lokacin da ake zaginsa daga benci. Irin wannan tafiya ta wuce nishaɗi, tsayawa ce a bayan ɗan'uwa. Wani abu mai kama da haka ne ke kai mutanen Japan Los Angeles a yau, da mutanen Jamhuriyar Dominika da ke cika filayen Niyok da tutocinsu idan ɗan garinsu zai yi wasa.

Hujja ta huɗu ita ce lokaci. Besbol wasa ne mai sarari. Tsakanin jifa da jifa akwai numfashi, tsakanin zango da zango akwai hutu, a tsakiyar zango na bakwai ma kowa kan miƙe tsaye a rera waƙa tare. Uba da ɗansa kan zauna kusan awa uku kafaɗa da kafaɗa, ba mai gaggawar tashi, ga kuma hirar da ake yi a mota tafiya da dawowa. Amurkawa da yawa in ka tambaye su ranar da suka fara shiga fili, ba za su tuna wa ya ci ba, amma za su gaya maka wanda ya riƙe musu hannu. Da Cubs ta Shikago ta ɗauki kofi a 2016 bayan shekara 108 tana nema, mutane sun yi ta tururuwa zuwa Wrigley Field da alli a hannu, suna rubuta sunayen iyaye da kakannin da suka rasu suna jira a jikin katangar waje, ko da yake a Cleveland aka buga wasan ƙarshen.

Hujjojin masu cewa a zauna

Su kuma waɗannan da aljihu suka fara. Tikiti kaɗan ne daga cikin kuɗin. Akwai man mota ko kuɗin jirgi, akwai masauki, akwai kuɗin ajiye mota, akwai abincin cikin fili da ake sayarwa ninkin farashin waje, sannan yaro ba zai yarda a fita ba a saya masa hula ba. Yanzu kuma farashin tikiti ba ya tsayawa wuri ɗaya: kwamfuta ke ɗaga shi idan babbar ƙungiya ce za ta zo ko ranar hutu ce, wato daidai ranakun da mai zuwa daga nesa zai iya samun sarari. A manyan wasannin World Series irin na 2016 da 2024, kujera mafi araha a hannun masu sake sayarwa ta haura dala 1,000. Mai iyali da ya ci bashi don wannan, wasan zai ƙare cikin awa uku, bashin kuwa zai bi shi watanni. Haƙƙin gida na gaba da sha'awa, kuma ba wata ƙauna da za ta wanke mutumin da ya taɓa kuɗin makarantar 'ya'yansa don ya je ya yi ihu.

Hujjarsu ta biyu daga cikin lissafin wasan take. A besbol gwani ma faɗuwa yake yi a kai a kai. Ƙungiyar Mariners ta 2001, wadda ta ci wasa 116, adadin da ba a taɓa wucewa ba, sai da aka doke ta sau 46. Ƙungiya mai ƙarfi a shekarar da aka saba takan faɗi wasa huɗu cikin goma. Babban mai jifan da kake ƙauna sau ɗaya yake fitowa a kwana biyar ko shida. Tauraron da ka zo dominsa ana iya hutar da shi a ranar. Ruwan sama kan sa a ɗage wasa a filayen da ba su da rufi, a ce a dawo wata ranar da kai ka riga ka koma gida. A 2023 Ohtani ya ji rauni a gwiwar hannu cikin Agusta, ya daina wasa gaba ɗaya a farkon Satumba, duk wanda ya tanadi tikitin jirgi don ganinsa a ƙarshen kakar bai gan shi a fili ba. Wasa ɗaya cikin 162 ba ya yanke komai. Me zai sa mutum ya ɗora tanadin shekara a kan abin da ko ƙungiyar kanta za ta manta da shi washegari?

Ta uku, sun ce batun ido ma ba a gama shi ba. Yawancin kujerun da talaka ke iya saye can sama suke, inda 'yan wasa ke zama ƙanana. Daga can ba ka iya bambance jifan da ya lanƙwasa da wanda ya tafi miƙe, alhali nan ne zuciyar wasan take. Mai kallo a gida yana ganin yadda yatsu suka riƙe ƙwallo, ana maimaita masa a hankali, ana nuna masa inda ta ratsa. Akwai tarihin da ke mara musu baya. Da Dodgers ta koma Los Angeles a 1958, ta yi shekara huɗu tana wasa a wani ƙaton filin da aka gina don wasu wasannin daban, kujeru sun yi nisa ƙwarai. Sai 'yan kallo suka riƙa shiga da ƙananan rediyo, suna zaune a fili suna sauraron Vin Scully yana gaya musu abin da ke faruwa a gabansu. Scully ya yi shekara 67 yana yi wa Dodgers sharhi, daga 1950 zuwa 2016, kuma miliyoyin mutane ta muryarsa suka san wasan. Tun da tashar KDKA ta Pittsburgh ta watsa wasan farko a rediyo ranar 5 ga Agusta, 1921, ta kunne ƙaunar besbol ta fi yaɗuwa. Tashar KMOX mai ƙarfin zango ce ta sa manoman jihohi da dama suka zama magoya bayan Cardinals ba tare da sun taɓa taka St. Louis ba. Hatta waƙar da ake rerawa a zango na bakwai, Take Me Out to the Ball Game, mutanen biyu da suka tsara ta a 1908 ba su taɓa kallon babban wasan besbol ba a lokacin.

Hujja ta huɗu tana da ɗaci: son maso wani ƙoshin wahala. Ƙungiya kamfani ce mai mai ita. Mutanen Brooklyn sun yi shekaru suna cika Ebbets Field, ƙungiyarsu ta Dodgers ta ɗauki kofi a 1955, bayan kakar 1957 mai ita ya kwashe ta zuwa ɗaya ƙarshen ƙasar, a 1960 aka rushe filin aka gina gidaje. Mutanen Oakland sun riƙe Athletics tun 1968, sun ga kofi huɗu, amma ranar 26 ga Satumba, 2024, ta buga wasanta na ƙarshe a garin, ta koma zaman wucin gadi a West Sacramento kafin a gama gina mata fili a Las Vegas, inda jihar Nevada ta amince a 2023 a zuba har dala miliyan 380 na kuɗin jama'a. Shekaru da dama mutanen jihar Iowa, wadda ba ta da ƙungiya ko ɗaya a babbar gasar, an toshe musu kallon ƙungiyoyi shida ta intanet saboda yarjejeniyar kuɗin talabijin. A 2021 kuma aka rage ƙananan ƙungiyoyin renon 'yan wasa daga 160 zuwa 120, garuruwa da yawa suka rasa alaƙarsu da babbar gasar. Masu wannan ra'ayi suka ce kuɗin da za ka kai wa attajiri a birni mai nisa, ƙaramar ƙungiyar garinku ta fi buƙatarsa, tikitinta ya fi sauƙi, yaronka kuma zai iya miƙa hannu ya gaisa da ɗan wasa.

Ta ƙarshe ita ce adalci. Tafiya dama ce da ba kowa ke da ita ba. A San Pedro de Macorís ta Jamhuriyar Dominika, garin da ya haifi 'yan wasa masu yawa, akwai waɗanda suka san besbol ciki da bai amma ba su da kuɗin jirgi ko bizar Amurka. A 2011 yaran Yuganda da suka cancanci zuwa gasar besbol ta yara ta duniya a Williamsport ta Amurka ba su sami biza ba saboda matsalar takardun haihuwa, sai a 2012 wata ƙungiya daga Lugazi ta Yuganda ta zama ta farko daga Afirka da ta buga gasar. Idan 'yan wasa kansu na iya maƙalewa a ƙofar ofishin jakadanci, ina ga ɗan kallo? Mai karatu ya san irin wannan a gida: matashin da bai taɓa tsallake wasan Arsenal a gidan kallo ba, wanda ya haddace 'yan wasanta har na benci, ba za a ce ƙaunarsa ta gaza ta mai kuɗin da ya je Landan ya ɗauki hoto ba.

A ɗora su a sikeli

Idan aka natsu za a ga ɓangarorin biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba. Masu cewa a zauna wasan suke aunawa: wa ya fi ganinsa da kyau, nawa aka biya, wa ya ci. A wannan ma'auni sun yi nasara, ba gardama. Wanda burinsa ya fahimci dabarun jifa, ko ya bi ƙungiya wasa bayan wasa har wata shida, allo ya fi masa kujera. Masu cewa a je kuwa haɗuwa suke aunawa, ita kuma ba a aiko ta ta waya.

Tarihi ma ya nuna ji da gani ba kishiyoyi ba ne a nan. A shekarun 1930 masu ƙungiyoyin Niyok uku sun haɗa baki sun hana watsa wasanninsu a rediyo, don tsoron kada mutane su daina zuwa fili. Da Dodgers ta karya yarjejeniyar a 1939, sai aka ga rediyon ne ke jawo sababbin 'yan kallo. A yau da kowane wasa ke cikin wayar hannu, yawan shiga filayen babbar gasar ya haura miliyan 70 a 2023, haka ma a 2024. Manomin da KMOX ta koya wa son Cardinals shi ne ke tara kuɗi ya kai iyalinsa St. Louis bayan shekaru. Ji ne ke haifar da ƙishin gani, gani kuma ya sa ji ya ƙara daɗi, domin daga ranar duk filin da mai sharhi ya ambata kana da hotonsa a ka.

Hujjar rashin tabbas ma kaifi biyu gare ta. Gaskiya ne kana iya zuwa a doke ku. Amma ranar Alhamis 19 ga Satumba, 2024, Dodgers ta je Miami wasa da ƙungiyar da ta ƙare kakar da faɗuwa 100, wasan da ba wanda ya ɗauka da muhimmanci a farkon shekara. A ranar Ohtani, wanda ke wa Dodgers wasa, ya fito duka sau shida ya samu duka shidan, uku sun tsallake katanga, ya saci tasha biyu, ya zama mutum na farko a tarihi da ya haɗa dukan tsallake katanga 50 da satar tasha 50 a kaka guda. Rashin sanin abin da zai faru shi ne abin da ake saye da tikiti. Wanda ba zai iya jure komawa gida da faɗuwa ba, bai shirya tafiyar ba tukuna.

Batun kuɗi kuwa, adadin nan na 162 yana sassauta shi. Ba dole sai World Series ba. Wasan ranar Talata da ƙungiya mara suna yakan yi araha ƙwarai. Ana iya jiran ƙungiya ta zo garin da ya fi kusa, kamar yadda mutanen Vancouver ke yi. Akwai wasannin share fage na watan Fabrairu da Maris a Florida da Arizona, ƙungiyoyi 15 a kowace jiha, a ƙananan filaye inda ɗan kallo ke dab da 'yan wasa. Gasar kanta takan fita waje, ta je Landan a 2019, Seoul a 2024, Tokiyo a 2025. Abin da hujjar aljihu ta rusa shi ne tafiyar bashi da ta nuna isa. Tafiyar da aka yi wa tanadi tana nan daram.

Hujjar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta masu ƙungiya, kuma ba na jin akwai amsar da za ta share ta gaba ɗaya. Kuɗinka aljihunsu yake shiga, kuma za su iya juya maka baya. Sai dai a duba abin da mutanen Oakland suka yi ranar 13 ga Yuni, 2023. Bayan an daɗe ana cewa ba sa zuwa kallo shi ya sa za a tafi, sai suka shirya suka taru a fili sama da mutum 27,000 a daren Talata, suna kira ga mai ƙungiyar ya sayar da ita. Bai saurare su ba, ƙungiyar ta tafi. Amma sun nuna wa duniya cewa laifin ba nasu ba ne, kuma da kowa ya zauna gaban talabijin a daren, da ba wanda ya ji muryarsu. Abin da ya haɗa su a ranar junansu ne da garinsu, wannan kuwa ba a loda shi a mota a kai Las Vegas.

Akwai labarin da jaridun Amurka suka ɗauka a 2016 wanda ya fito da asalin maganar. Wani mutum ya yi alkawari da mahaifinsa cewa duk ranar da Cubs ta kai wasan ƙarshe tare za su saurara. Mahaifin ya rasu shekaru da yawa kafin ranar ta zo. Da ta zo, mutumin ya tuƙa mota daga North Carolina zuwa Indiana, ya zauna kusa da kabarin ya saurari wasan har ƙarshe. Wannan ba al'adarmu ba ce, amma abin da ya kai shi mun san shi sarai, cika alkawari ne da riƙon zumunci. Ya yi doguwar tafiya saboda besbol, kuma ko hanyar filin wasa bai bi ba.

Matsayata

Ina tare da masu cewa a je, bisa sharaɗi uku da na karɓo daga masu cewa a zauna. Na farko, daidai ruwa daidai tsaki: a yi tafiyar da rarar da aka tara, bayan an sauke nauyin gida, ko da hakan na nufin sau ɗaya a shekara goma. Na biyu, a tafi da wani, ko a tafi wurin wani. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma tafiyar kallon wasa tana samun darajarta ne daga mahaifin da aka kai ya ga filin da ya yi shekara hamsin yana jin sunansa, ko 'yar da za ta girma tana tuna ranar, ko dubban baƙin da ka zauna cikinsu kuka yi murna da baƙin ciki tare. Wanda ya tafi don sakamako kawai, sau huɗu cikin goma zai dawo yana cizon yatsa. Na uku, kada wanda ya je ya raina wanda bai je ba. Ba a auna ƙauna da kilomita, kuma tsohuwar da ta yi shekara sittin da rediyo a kunne ta fi yawancin masu kujerun gaba sanin ƙungiyar.

Ga masu ƙungiyoyi kuma akwai haƙƙi a kansu. Mutumin da ya tsallaka iyaka ko teku don ya zauna a filinsu ya ba su abin da talla ba ta sayowa. Mafi ƙarancin sakayya shi ne su bar kujerun da ma'aikaci zai iya saya wa iyalinsa, su daina toshe wa na nesa hanyar kallo, su kuma yi tunani sau goma kafin su raba ƙungiya da garin da ya rene ta. Idan suka mayar da fili wurin masu hannu da shuni kaɗai, za su wayi gari da kujeru masu tsada da taron da ba ya ihu, kuma shekarar 2020 ta riga ta nuna musu yadda wasan ke zama idan aka rasa mutane.